Ba A Binnewa A Tungar Labo

Wanda ya bar Gaya ya bi Kwara ya gangara, kafin ya kai Tunuga, in mai jirgin mutumin kirki ne zai nuna masa da haɓa wasu 'yan rufin ciyawa da na kwano a tsakiyar ciyawar burgu. Tungar Labo ke nan. Ba ta da kasuwa, ba ta da lakwal, wato makarantar boko, masallacinta kuwa in mutum ya makara sai ya yi salla a waje. Amma ƙauyukan da ba su da komai ai sun fi a ƙirga, ba wannan ne ya fitar da sunanta ba. Abin da aka san Tungar Labo da shi shi ne, tun ranar da aka kafa ta ba a taɓa binne mutum a cikinta ba.

Labo Basarke ne, masunci ɗan masunta, daga ƙasar Kabi ya biyo kifi har ya iso nan tun kafin zuwan Nasara. Da farko a wancan ƙetaren ya sauka, a kan wani tudu mai kuka, can ya binne uwarsa. Sai ya lura kifin yana wannan gefen, cikin fadamar da ke kwance tsakanin kogi da dutsen Tondibon. Fadamar kuwa tana da masu ita, Dandawan Tondibon, manoma waɗanda ba ruwansu da kogi sai in zai ci musu gona. Labo ya hau dutsen, ya ajiye giwan ruwa gaban maigarinsu, ya roƙi wurin zama. Aka ba shi, amma da sharaɗi. Ya kafa ɗaki, ya yi su, ya shuka shinkafar da zai ci, ba mai hana shi. Itace ne ba zai dasa ba, mutum kuma ba zai binne ba. Tsofaffin nan ba wawaye ba ne. Sun san wanda ya dasa itace yana da niyyar jiran inuwa, wanda kuwa ya sa mutum a ƙasa, wata rana jikansa zai tsaya a wurin ya ce ga kakana nan, nan namu ne.

Labo ya yarda, don a ganinsa 'yan shekaru ne zai yi ya ƙara gaba. Haka masunta suke cewa kullum. Yau tattaɓa-kunnensa ne a wurin, kuma har yanzu duk shekara babban kifin farko Tondibon ake kai shi, inuwar tungar ta giyayya ce da ta fito don kanta, wanda ya cika kuma sai a sa shi a jirgi a ƙetara da shi Tudun Kuka, kusa da uwar Labo. Da Nasara ya zo ya ce tsakiyar kogi ita ce iyaka, bai tambayi kowa ina yake kai gawarsa ba. Sai Tudun Kuka ya faɗa Dahome, wadda yara ke kira Benin yanzu. Mutanen Tunuga suka sami abin tsokana: wai 'yan Tungar Labo a Nijar ake raɗa musu suna, a Benin za a tashe su ranar ƙiyama. Su ma sukan taya dariya, amma dariyar ba ta kai musu ciki.

Sau biyu ruwa yake zo musu a shekara. Akwai jan ruwa na damina, mai laka da fushi, akwai baƙin ruwa mai zuwa da sanyi daga can wajen Mali, shiru-shiru kamar ba shi ba. Kowanne ya zo sai fadama ta cika ta haɗe da kogi, tungar ta zama tsibiri, ko akuya ba ta fita sai a jirgi. Tudun da gidajen ke kai ma ba haka Labo ya same shi ba. A ka aka tara shi kwando-kwando, mata na ɗebo ƙasa da rani suna ƙara wa daɓensu, bango in ya faɗi a gina wani a kansa. A gefen gari in ka haƙa kamu biyu sai ruwa ya yi maka sallama.

Jirgin gawa a gidan Yazidu yake, gado ne tun daga Labo. Yazidu ya haura saba'in, dogo ne mai ƙarancin magana, wanda rana ta cinye wa launin ido. In an yi rashi shi ke ɗaura farin ƙyalle a kan gwangwalar tuƙi, ya tsaya a bayan jirgi. Duk mai injin da ya hangi ƙyallen sai ya kashe injinsa har a wuce. Masu kaki na gaɓa biyun ma sun san shi, ko a shekarun da aka rufe gadar Gaya ba wanda ya taɓa tambayar farin ƙyalle takarda. A jirgin nan ya kai ubansa, ya kai yayyensa, ya kai 'ya'yansa biyu da suka koma tun suna goye.

To, wannan mutumin ne Allah ya haɗa da matar da ba ta shiga jirgi.

Ramatu 'yar Bengu ce, ƙasar giginya da rairayi, inda ruwa ke zaune cikin rijiya ya san matsayinsa. Da rani aka kawo ta a kan jaki, fadama ta bushe ta tsattsage, ba ta ga abin tsoro ba. Daminarta ta farko tana tsaye a bakin gaɓa dorina ta kifar da jirgin mata masu zuwa kasuwar Malanbil. A cikin waɗanda ba a fito da su da rai ba har da matar da ke koya mata bandar kifi. Ramatu ba ta yi kururuwa ba, ta dai koma ɗaki, kuma daga ranar ƙafarta ba ta taɓa taka jirgi ba. An yi lallashi, an yi faɗa, an yi rubutu an ba ta ta sha. Mata suka sa ta gaba da tsokana, wai matar Basarke mai tsoron ruwa, an taɓa jin matar mahauci mai gudun jini? Ta yi murmushi ta ci gaba da jera kifinta. Ta iya banda fiye da waɗanda aka haifa a bakin murhun, har daga Gaya ake aiko wa tarwaɗarta. Kasuwa da zumunci sai ta tara su ta jira fadama ta bushe, ta tafi a ƙafa. Da ubanta ya rasu a Bengu ana tsakiyar baƙin ruwa, a tungar ta zauna ta karɓi gaisuwa tana kuka, sai da ƙasa ta fito ta je. A nan ne masu tsokana suka gane abin ba na wasa ba ne, suka bari.

Abu ɗaya tsoron ya sa ta wanda kowa ya gani. Duk rani, in mata sun ɗebo ƙasar daɓe kwando goma, ita sai ta ninka. Shekara arba'in da ɗoriya tana yi, ana ɗaga mata bango da rufi, har ɗakinta ya zama sai an hau matakala ake shiga. Yara kan ce da shi benen Inna.

Bana, jan ruwa na kan ganiyarsa, ciwo ya kwantar da ita. Ɗansu Zahradeen, direban babbar mota a Gaya, ya zo da jirgin inji ya ce a kai ta likita. Ta juya fuska ga bango. Ya koma ya zo da mai allura, aka yi abin da za a iya yi a ɗaki, ba a ga sauƙi ba. Wata la'asar, 'yarsu Nasiba ta fita ɗebo garwashi, Ramatu ta kama gefen rigar mijinta.

“Maigida, ka ɗau kowa cikin jirgin ga naka. Ni dai kak ka ɗauke ni.”

“Wace irin magana ce wagga? Allah shi ba ki lahiya.”

“Amin. Amma kak ka sa ni ciki.”

“Na ji.”

“Ban ce ka ji ba. Ka ce ka ɗauka.”

Yazidu ya dube ta. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa roƙonsa zane ba, ba ta taɓa roƙonsa zobe ba. Ya ce ya ɗauka, ta saki rigar. Ya san sarai abin da ya ɗauka, don ba wanda ya fi shi sanin ƙasar nan, amma ya gaya wa kansa za ta kai rani.

Ba ta kai ba. Ranar wata Talata, bayan an fito sallar asuba, kukan Nasiba ya sanar da tungar.

Kafin hantsi maza sun taru a ƙofar gida, mata suna ciki suna shirin wanka. Ba wanda ya jira umarni, don kowa ya san aikinsa. Wasu sun gangara suna kwashe ruwa daga jirgin, wani ya shimfiɗa tabarma a cikinsa, wani ma har ya ɗaura farin ƙyallen don ya rage wa tsoho wahala. Yazidu ya tashi daga cikin masu gaisuwa, ya gangara, ya kwance ƙyallen da hannunsa, ya ninke ya sa a aljihu.

“Ba ta shiga,” in ji shi.

Liman, Malam Isma'il, mutum mai taushin harshe, ya matso ya rage murya. “Yazidu, haƙuri za ka yi. Tsoro na mai rai ne. Wadda ta cika ba ta san ruwa ba, ba ta san tudu ba. Abin da ya rage mata kanmu shi ne mu gaggauta.”

“Na sani, Malam. Ita ba ta sani yanzu. Ni na sani.”

Ya gaya musu alkawarin. Zahradeen, wanda ya kwana biyu bai runtsa ba, ya miƙe idonsa jajur. “Baba, tsoron ga shi ya hana mu kai ta likita. Ka biye mata tana da rai, ga abin da ya hwaru. Yanzu kuma za ka biye mata ta kumbura cikin ɗaki? Tudun Kuka jirgi, Tondibon jirgi, Bengu jirgi. Ina za ka bi da ita, sama?”

Maganar ta soki Yazidu inda ba ya so, don shi ma tun asuba yake tambayar kansa ko da ya ɗauke ta da ƙarfi tana ihu da yanzu tana da rai. Ya ce kawai, “Nan za ta kwanta. Ɗakinta na da zurhin da ya isa.”

Sai wani daga cikin samari ya ce, da ɗoki a muryarsa, “To a yi mana! A haƙa yanzu tun ba su ji ba. In munka samu kushewa guda cikin garin ga, wa ya isa ya sake ce muna baƙi?” Wasu suka gyaɗa kai. Dama maganar ta daɗe tana cin su, tun da injin ban ruwa ya zo shinkafar fadama ta zama abin so, kowa ya fara kallon gonar da yake nomawa da wani ido.

Yazidu ya juyo, ransa ya ɓaci ƙwarai. “Matata ba turken iyaka ba ta. Ba ni sace mata kushewa kamar mai sace akuya.” Ya ɗauki gwangwala ya shiga ƙaramin jirginsa na su, ya ce a ci gaba da wanka, shi zai hau dutse.

Fadamar ta cika maƙil, ja kamar kunun kanwa. Ya bi ta kan hanyar da Ramatu ke bi da rani, ya gane ta da kan giyayyu da suka leƙo daga ruwa. A nan ta kan ajiye kaya ta huta. Can gaba, inda yanzu kan shinkafa ke rawa, nan ya kan hange ta tana dawowa daga Gaya da ƙwarya a ka, ya yi kamar gyaran taru ne ya fito da shi. Ya tuƙa ya wuce. Rana ta fara zafi, ya kuma san zafin nan ba ya jiran kowa.

Tondibon gari ne na dutse da jar ƙasa, da mangwarori manya waɗanda kakanni suka dasa, da maƙabarta a bayan gari mai faɗin gona. Ya tarar da Alfari, maigarin, a ƙarƙashin rumfa tare da dattawa. Shi da Alfari tun suna samari suka san juna, Yazidu ne ke kawo kifin shekara, kuma duk zuwa sai Alfari ya ce kifin ya rame, shi kuwa ya ce idon maigari ne ya tsufa. Yau Alfari ya dubi fuskarsa da hannunsa da ba kifi, bai yi wasan ba.

“Fonda tilas,” ya ce, gaisuwar rashi ta Dandawa, don labari ya riga jirgi isowa. Dattawa suka bi da tasu. Sannan ya koma Hausarsa ta kasuwa. “Mun ji. Muna shirin mu taho. Mi ya fito da kai, kai da za a iske gida?”

Yazidu ya cire takalmi ya durƙusa, abin da bai taɓa yi wa abokinsa ba. Ya faɗi komai, bai ƙara ba bai rage ba: dorina, da shekarun, da gefen rigar da aka kama.

“Kawo ta nan,” in ji Alfari nan take. “Maƙabartarmu ba ta da ƙohwa. Kusa ga uwata za mu sa ta.”

“Da mi zan kawo ta?”

Alfari ya dubi fadamar da ke ƙasa, ruwa har gindin dutse.

“Tsawon mutum guda nika roƙo,” in ji Yazidu. “Cikin ɗakinta. Ba gona ba, ba gari ba.”

Wani dattijo mai suna Hama, ƙanen uban Alfari, wanda shi ke riƙe da maganar ƙasa a Tondibon, ya gyara zama. Ba mugu ba ne, amma ya sha zuwa gaban alƙali kan gonaki, ya san tambayar da ake yi a can. “Yazidu, kai mun san ka. Jikanka ne ba mu sani ba. Yau in rigimar ƙasa ta tashi, abin da za a tambaya shi ne, ina kushewar kakanninku? Sai bango ya tsage ƙadangare ka samun wurin shiga. Abin da kakanni sunka ƙulla, mu ba mu isa mu kwance ba.”

“Ban zo kwance shi ba, Baba. Da kwancewa nika so, da ban hau dutse ba.”

Wannan ta shiga. Dattawa suka juya harshe zuwa Dandanci, suka daɗe suna yi, murya na hawa tana sauka. Yazidu yana jin rabi, rabi na wuce shi. Yana durƙushe yana kallon inuwar rumfa tana janyewa daga gwiwarsa, ba abin da ke ransa sai ɗaki mai rufin kwano da zafin da ke taruwa a ciki. Bai taɓa jin ƙanƙanta irin ta yau ba, shi da aka haifi kakansa a ƙasar nan, yana roƙon inda zai kwantar da matarsa.

Daga ƙarshe Alfari ya juyo, fuskarsa ba daɗi. “Ga abin da munka iya. Ku ba ku binnewa, wannan na nan yadda take. Amma mu masu ƙasa, baƙuwa ta mutu bisa ƙasarmu, ruwa ya tsare ta, wajibinmu ne mu suturta ta. Mu za mu haƙa, mu za mu sa ta, mu za mu ruhe. Salla taku ce, ku yi mata. Amma ƙasa, ko tahi guda, hannun ɗan tunga ba shi taɓa ta. Ko kai. Ko ɗanka.”

Yazidu ne mai shiga rami a Tudun Kuka. Ba gidan da ke tungar da bai karɓi gawarsu da hannu biyu ya kwantar da ita ta fuskanci gabas ba.

“Ka iya?” in ji Alfari a hankali.

“Ku taho da hauya,” in ji Yazidu. “Rana na yi.”

Jirage uku suka biyo shi, cike da manoman da ba su saba da ruwa ba, kowa ya riƙe gefen jirgi da hannu ɗaya, hauya da ɗaya. Da mutanen tunga suka ji sharaɗin, samari suka fara gunaguni, Zahradeen ya ce shi ba wanda zai hana shi sa uwarsa a rami. Malam Isma'il ya ja shi gefe ya daɗe yana yi masa magana, ya ce shari'a ba ta hana mutanen kirki su sa mace a kabari ba in larura ta kawo, kuma uban da ke tsaye can ya fi shi rashi. Zahradeen ya dubi ubansa, ya ga yadda tsohon ya rankwafa tun safe zuwa yanzu, sai ya zauna a kan turmi ya rufe fuska.

Aka fitar da Ramatu cikin likkafani zuwa ƙofar masallaci, mata suka koma gidan maƙwabta. Aka kwashe gadonta da tukwanenta da kwanonin jerenta aka tara a tsakar gida. Mutanen Tondibon suka cire kwanon rufin, suka rushe bangon gabas don a sami wurin tsayawa, sannan Hama ya auna da kara, ya yi bisimilla ya sara.

Daɓen ya yi tauri kamar dutse. Suna haƙawa ana ganin shekarun a jikin ramin, jar ƙasa a kan baƙa, baƙa a kan fara, kowace da ranin da aka ɗebo ta. Kowa jira yake ya ga inda ruwa zai ɓullo, don in ya ɓullo magana ta ƙare, sai jirgi. Suka gama uwar kabari ƙasa a bushe. Suka shiga 'yar, ƙaramin ramin da gawa ke kwanciya, ƙasa ta fara sanyi, ta fara kama bakin hauya. Hama ya sauka da kansa duk da tsufansa, ya dafa ƙasan ramin da tafi, ya daɗe, sannan ya ɗaga hannun kowa ya gani. Danshi ne kawai.

“Alhamdu lillahi,” in ji Malam Isma'il.

Aka yi salla, sahun tunga da na Tondibon a haɗe, har bakin ruwa. Zahradeen da 'yan uwansa suka ɗauki makara zuwa gindin matakala, a nan suka tsaya, wasu hannuwa suka karɓa. Da za a sa ta aka buɗe babban mayafi don a kare ramin, kamar yadda ake yi wa mace. Alfari ya dubi Hama, Hama ya kau da kai, sai Alfari ya miƙa wa Yazidu gefe ɗaya. Mayafi ba ƙasa ba ne.

Yazidu ya riƙe, ya juya fuska gefe. Yana jin numfashin mutanen da ke cikin ramin, yana jin sanda nauyin ya bar hannu ya sauka. Ya so ya ce a tallafi kan, a sa ɗan hoge a bayan kafaɗa kada ta juya, amma ya ji Hama yana faɗin haka da Dandanci, sai ya haɗiye. Inda ya juya fuskar, idonsa ya sauka a kan ragowar daɓen, tsakanin ramin da bangon yamma, wurin da tabarmarsa ke zama in ya shigo hira. Idon mai haƙa ne, bai san sanda ya auna ba. Wurin zai ɗauki mutum guda, har dogo. Wani abu mai ɗumi ya taso masa a ƙirji, karo na farko tun asuba.

Aka jera itace, aka toshe da ganye da ɗanyar laka, aka janye mayafin. Mutanen Tondibon suka durƙusa suka tura ƙasa da hannu. Mutanen tunga suna tsaye a ƙasan matakala, manya da yara, kowa ya rasa inda zai kai nasa hannun. Yazidu ya mayar da nasa baya, ɗaya ya damƙe ɗaya, har aka tada kabarin aka yayyafa ruwa.

Bayan addu'a Alfari ya tsaya a bakin rusasshen bangon. An ga ba ya son abin da zai faɗa, amma dattawansa na bayansa, kuma don a faɗa aka yarda.

“Jama'a, ku shaida. Kushewar ga ta Tondibon ce, mu munka haƙa, mu munka ruhe. Baƙuwarmu ce da ruwa ya tsare. Ita ɗaya ce, ba ta da na biyu. Ba ɗa, ba jika.” Ya juyo ga Yazidu. “Ba miji. Kowa ya cika bayanta, Tudun Kuka, yadda anka saba. Yazidu, a gaban mutane, ka yarda?”

Yazidu ya sake duban wurin nan na jikin bangon yamma. Daga inda yake tsaye, ta kan rufin gidaje, ana hango kogin, faɗinsa bana ya kai inda ido ke gajiya, kukar can ƙetare ta zama ɗan ɗigo. Alkawarin da ya ɗauka ya sauke shi, ba ta shiga jirgi ba. Ba a yi maganar inda shi zai kwanta ba, ita ba ta tambaya ba, shi ma bai tuna ba sai yau.

“Na yarda,” ya ce.

Alfari bai iya duban sa ba. Aka kawo buta, masu binnewa suka yi layi suna wanke laka daga hannu, tana zagayawa daga wannan zuwa wancan. Da ta iso kan Yazidu ya tara hannuwansa don sabo, sai ya gan su fes, ba abin wankewa. Ya karɓi butar ya miƙa wa na gaba.